In ya bar cin gawo, ka wuce iyaka

Bahaushe bai raɗa wa dabbar nan suna nata na kanta ba. Ya dubi dogon wuya da dogayen ƙafafu, ya tuna da abin da ya sani a gida, sai ya ce raƙumin dawa. Raƙumi ne, amma ba na kowa ba. Zabarmawa suna ce masa bure, Abzinawa suna cewa amdagh, kowanne kalma guda. Turawan da kuwa irin dabarar Bahaushe suka yi, don sunansa na kimiyya, camelopardalis, raƙumi ne da damisa aka haɗa wuri ɗaya. Ni da ke karatun kimiyyar harshe a Jami'ar Abdu Mumuni, irin waɗannan abubuwa ne ke hana ni barci, ku yi haƙuri da ni.

Kalmar da ta fi damuna dai ita ce ɗauka. Mukan ce mun ɗauki hoto, kamar yadda mukan ce mun ɗauki kaya, mun ɗauki nauyi, mun ɗauki alhaki. A Faransanci akwai masu kiran wannan sana'a farautar hoto. A Turancin Ingilishi ma aikatau guda ne ake harbi da shi, ake kuma ɗaukar hoto da shi. Harsunan nan uku duka sun lura cewa mai hoto yana rabuwa da wurin da wani abu a hannunsa. Tambayar da nake so mu yi, mu da kowannenmu ke yawo da kyamara a aljihu, ita ce mi muka ɗauke wa dabbar kafin hoton ya shiga salula.

Ba sai mun je Kenya ba. Kilomita wajen 60 daga Yamai, bisa gudron ɗin da ke zuwa Dosso, akwai Kure. A wannan yanki ne ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke. A farkon ƙarnin da ya wuce ana samun su tun daga Senegal har Tafkin Cadi. Farauta da fari da sare daji suka yi ta cin su, har a 1996 da aka ƙirga aka tarar 49 kaɗai suka rage. Arba'in da tara, ƴan uwa. Amfi ɗaya na fakultenmu ya fi haka cika ranar da malami ya ce zai kira suna. Daga nan aka tashi tsaye: gwamnati ta tsananta hana kashe su, ƙungiyoyi kamar ASGN suka shiga ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan bashi, matasan yankin suka zama ƴan jagora. Zuwa 2018 sun haura 600. A watan Nuwamba na wannan shekara aka kwashi 8 a mota, tafiyar fiye da kilomita 800, aka kai su gandun dajin Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi kusan shekara 50 ba a ga ko ɗaya ba.

Abin da ya bambanta Kure da sauran wurare shi ne ba shinge, ba ƙofa. Raƙuman suna zaune ne cikin gonakin mutane. Da damina suna hawa tudu, cikin dajin geza da sabara. Da rani suna gangarowa Dallol Bosso, inda gawo ke da ganye lokacin da sauran itatuwa suka zubar da nasu. Babu zaki a wurin. Suna ganin mata masu tulu, da yara masu kiwo, da amalanken jaki, safe da yamma. Shi ya sa ba sa gudun mutum kamar sauran namun daji, har baƙo kan sauka daga mota ya tako da ƙafa ya tsaya yana kallonsu.

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Suna ganin wannan natsuwa kamar halin dabbar ne, haka Allah ya yi ta, don haka sai a matsa har a ji warinta. Ni a ganina natsuwar nan aikin mutanen ƙauyukan ne. Shekara kusan 30 ke nan suna haƙuri da dabbar da ke shiga gonar wake ta cinye, ta miƙa wuya ta tsinke mangwaro a lambu, ba su ɗauki baka ba, ba su kafa tarko ba. Manomin da ya wayi gari ya ga an yi masa ɓarna, ya haɗiye fushinsa, shi ne ya biya kuɗin kusancin da kai baƙo ka zo ka tarar. Idan ka kori garke da ihu don ka samu hoton gudu, kana kashe kuɗin da ba kai ka tara ba.

Sau ɗaya na je, a watan Disamba na 2019, ina aji na kusa da ƙarshe a lise, cikin bas tare da ƴan ajinmu. Ɗan jagoran da aka haɗa mu da shi dattijo ne Bazabarme, yana jin Hausa sosai. Ya hau saman mota yana duban nesa, yana nuna wa direba hanya da sanda. Da muka hango su, su bakwai ƙarƙashin gawo, ya sa aka kashe mota tun da sauran tafiya. Ya ce, "Ɗiyana, ku saurara. Kada kowa ya miƙe musu kai tsaye. Za mu bi ta gefe, kamar masu wucewa gona. In na tsaya ku tsaya." Wata daga cikinmu ta ce, "Baba, mita nawa ne iyaka?" Ya yi dariya. Ya ce shi bai san mita ba, ya san baki. "Ki dubi bakinsa. Muddin yana ci ko yana tuƙa, ba ruwansa da ke. In ya bar ci ya zuba miki ido, kin zo iyaka. In ya ɗaga ƙafa, kin wuce."

Mun yi kusan rabin awa zaune a ƙasa, cikin karan hatsi. Da farko duka bakwai ɗin sun tsaya cak suna kallonmu. Sai ɗaya ta mayar da kai cikin reshe, sai ta biyu. Can wani saurayi daga cikinsu, don son sani irin na yaro, ya tako da kansa har muna jin ƙarar harshensa yana zuge ganye tsakanin ƙayoyi. Babu wanda ya matsa. Shi ne ya zo. Ana cikin haka wata mota ta iso da wasu manya cikin shadda, ɗaya ya sauko yana tafi yana fito don dabbar ta juyo ta kalli salularsa. Ta juyo kuwa. Daga nan garken ya kama hanya, ba gudu ba, irin tafiyar nan tasu ta ƙafafun gefe ɗaya tare, har suka shige. Dattijon bai ce masa komi ba, ya dai kakkaɓe rigarsa ya ce mana mu tashi, yau an gama.

Tun da na fara karatun harshe nake komawa kan maganar bakin nan. Ana koya mana cewa zance ba kalmomi kaɗai ba ne: akwai nisan da ke tsakanin masu magana, da kallo, da shiru. Wani masani Ba'amurke, Edward Hall, ya yi nazarin yadda kowace al'umma ke auna tazarar da ta dace tsakanin mutum da mutum, kuma daga binciken masu nazarin dabbobi ya samo dabarar, musamman Heini Hediger na Suwizalan, wanda ya nuna cewa kowace dabba tana da tazarar da in ka keta ta za ta gudu, da wata ta ciki wadda in ka keta, kuma ba ta da hanyar fita, za ta auka maka. Dattijon Kure bai karanta Hediger ba. Mu ma ai mun san abin nan tun muna yara. Ba ka faɗawa gidan mutane sai ka tsaya a zaure ka yi sallama. In aka yi shiru, ka sake. In aka sake yin shiru, ka juya. Dabba ba za ta amsa sallama ba, amma tana da hanyarta ta cewa bismillah, wato ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ka nan. Abin takaici, hoton da muka fi so shi ne wanda dabbar ta ɗaga kai ta kalli kyamara da kunnuwa a miƙe. Sau da yawa wannan hoton tsoro ne muka ɗauka muka sa masa fure a Facebook.

Wani zai ce, to mi aka yi? An kashe ta ne? Ba a kashe ta ba. Amma lissafa. Raƙumin dawa yana shafe mafi yawan yininsa yana ci, don ganye ba ya ƙosar da jiki mai wannan girma da wuri. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma abinci ya ja baya, duk tashin da aka yi masa daga inuwa ƙarfi ne ya ƙone a banza. Mace tana ɗaukar ciki wajen wata 15, ta haifi ɗa guda. A makonnin farko jinjirin yakan kwanta a ɓoye ita kuma tana kiwo nesa kaɗan. Wanda ya shiga tsakaninsu don neman hoton ɗan jariri ya jefa su biyun cikin firgici, ya kuma jefa kansa, don shurin raƙumin dawa yana kashe zaki. Sannan gudron ɗin Dosso ya ratsa yankin, manyan motoci na wucewa a guje, kuma an sha kaɗe su a kansa. Garken da ka kora ba ka san ta ina zai ɓulle ba.

Matsalarmu mu matasa ta musamman ita ce salula. Kyamararta an yi ta ne don fuska da faranti da ɗaki, idonta mai faɗi ne, yana mayar da abin da ke kusa kamar yana nesa. Hotunan da muke gani a mujallu, inda ake ƙirga gashin idon dabba, da dogon madubi aka ɗauke su, mai milimita 400 ko 600, mai shi yana can nesa, wani lokaci ya kwana uku yana jira. Kuɗin irin wannan madubi ya fi bursu ɗin shekara nesa ba kusa ba. Sai mu da ba mu da shi mu ce bari mu cike giɓin da ƙafa. Wannan ne kuskuren lissafin. Hoton da salula za ta iya yi da kyau wani ne daban: raƙumi da gawonsa da rumbun hatsi a bayansa da yarinya tana kora awaki. Wallahi wannan hoton ya fi na gashin ido faɗin gaskiya game da Kure, kuma Bature mai dogon madubi sau da yawa yanke shi yake yi, don yana so a ce daji ne da ba kowa. In kuma lalle kana son kusanci, nemi aron madubin hangen nesa, ka ɗora idon salula a kan nasa. Hannu zai yi rawa, goma za su lalace, ɗaya zai fito.

Jirgin nan marar matuƙi da masu hoton biki suka fara saye, shi kam a bar shi a wurin biki. A watan Nuwamba na 2018 wani bidiyo daga gabashin Rasha ya zagaye duniya: ɗan beyar yana ta ƙoƙarin hawa gangaren ƙanƙara ya iske uwarsa, yana zamewa yana sake hawa. Miliyoyin mutane suka yaɗa shi suna cewa ga darasin naci. Masana dabbobi suka fito suka ce ku duba da kyau, jirgin da ke ɗaukar hoton ne ya firgita uwar, har da ya matso ta kai hannu ɗan ya sake gangarawa. Abin da aka sayar mana a matsayin hikimar daji, mai kyamara ne ya haddasa shi. Tun daga nan in na ga bidiyon dabba tana gudu nakan tambayi kaina wa take gudu.

Kada a ɗauka ina gaba da hoto. Hoto na cikin abin da ya ceci raƙuman nan. Zanen jikin kowane ɗaya daban yake, kamar zanen yatsa, kuma ba ya sakewa har mutuwa. Don haka masu ƙidaya sukan ɗauki kowanne ta dama da ta hagu, su ajiye a kundi, shekara ta zagayo su gwada. Da haka ake sanin wadda ta haihu da wanda ya ɓace, ba tare da an kama ko ɗaya an sa masa alama ba. A Termit kuma, can gabas, kyamarar da ake ɗaurewa a bar ta ita kaɗai ce ta kamo hoton damisar hamada mai gudu a 2010, dabbar da mai hoto zai shekara bai sa ta a ido ba. Can arewa da Agadas, a Dabus, akwai raƙumin dawa da aka sassaƙa a kan dutse shekaru dubbai da suka wuce, tsawonsa ya fi mita 5, da zanen jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi wannan aiki ya daɗe yana kallo. Ba wanda zai sassaƙa haka daga dabbar da ya kora.

Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga bisa babura suka kashe mutum 8 a yankin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da Kadri Abdu, shugaban ƙungiyar ƴan jagoran wurin. Allah ya jiƙansu. Sun je kallon raƙuma ne. Daga ranar baƙi suka ɗauke ƙafa, ƴan jagora suka rasa abin da suke ci da shi, ƙauyukan suka rasa ɗan abin da ke shigowa. Wannan ya canza lissafin da na yi a sama. Dā manomi yana iya cewa raƙumi ya ci wakena amma ɗana yana samu a wurin baƙi. Yanzu wake dai ake ci. Motocin itace kuma ba su fasa shigowa Yamai ba, kuma wani ɓangare na wutar da ake dafa mana shinkafa da ita daga irin dajin da raƙuman ke damina a ciki take fitowa.

Ke nan in hanya ta yi kyau, masu zuwa na farko mu ne, ba Turawa ba. Ƴan Yamai da salula, masu cewa ƙasarmu ce, mi ya sa zan biya ɗan jagora. Biya shi. Ƴan jikunan nan da za ka ba shi su ne hujjar da zai kai wa maƙwabcinsa mai gonar wake. Kada ka taka shuka don neman kusurwa. Matar da ke daka a bayan hotonka mutum ce, ka gaishe ta ka tambaye ta kafin ka sa ta a intanet. Abin kunya ne a koyi ladabi da dabba a manta da shi a gaban mutane. Kuma ka duba salularka, da yawa suna manna wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi. Ga raƙumin Kure wannan ba wani sirri ba ne, kowa ya san inda yake. Ga barewa ko jimina ko gidan tsuntsun da ka yi sa'ar gani a wani lungu, taswira ce ka miƙa wa mafarauci kyauta.

Kafin nan ma ga kogi a ƙofar jami'a. Wanda ya shiga jirgin ruwa wajen Bubon, sama da Yamai kaɗan, yana iya haɗuwa da dorina. Nan maganar ta wuce ladabi ta zama ta rai. Hoton da kowa ke so, dorina ta wangame baki, ba hamma take ba, gargaɗi ne. Akwai masu roƙon mai jirgi ya ƙara matsawa, har da ƙarin kuɗi, shi kuma talauci ya sa ya yarda da abin da ya san bai kamata ba. Baƙo ya samu hotonsa ya tafi. Dorinar da aka tsokana tana nan, kuma masunci ne zai bi ta wurin da asuba. A 2017 a Ayoru, bayan dorinai sun yi ta ɓarnar gonaki da dabbobi, mutanen gari sun kashe fiye da 20. Ba masu hoto ne suka jawo wannan ba, amma zaman da ya riga ya yi tsami haka ba ya bukatar wani ya zo daga birni ya ƙara masa gishiri. In mai jirgi ya ce nan za mu tsaya, to nan ne.

Ni yanzu a kan tsuntsaye nake koyo, tunda su ba sa bukatar izinin jandarma. Bayan darasin yamma nakan gangara bakin ruwa ta Harobanda, kusa da gonakin shinkafa, in samu wuri in zauna rana tana bayana. Minti goma na farko ba abin da ke faruwa sai sauro. Bayan haka balbela takan dawo, wani lokaci zalɓe ya sauka ya tsaya da ƙafa ɗaya. Na lura in na zauna wuri ɗaya kwana uku a jere, da riga marar haske, tazarar tana raguwa da kanta. Abokina da ke karatun labarin ƙasa ya yi mini alkawarin aron madubin hangen nesa idan damina ta kusa. Akwai wata tsamiya a ƙauyen kakata inda shamuwa ke yin gida kowace shekara, a tsakiyar gari, yara ba sa jifarta. Ina so in gwada daga kan katangar gidan liman, in ya yarda.